Kwalbar Mai a Gurbin Tukunyar Tsafi

Matata ta kurmance a bazarar da sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu na tsakanin Malumfashi da Dayi. Lokacin muna cikin jihar Kaduna, ba a yanke wa Katsina tata ba tukuna. Ciwon ya kwashe yara da manya. Ita ya bar mata ranta, ya tafi da kunnuwanta duka biyu. Ranar da aka sallame mu daga asibiti na goyo ta a keke, wata babbar mota ta danna mana ƙaho a bayanmu har na kusa faɗawa rami. Ita ko gezau. A nan na san abin da ya same mu.

Sai na faɗi ko wace ce ita kafin ciwon, in ba haka ba ba za a gane girman abin ba. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'armu. In ta rungumi tulu a cinya ta fara buga bakinsa ta ɗaga murya, masu ɗiban ruwa a rijiya suna jin ta. Har maƙwabtanmu Musulmi sun san muryarta. Ni kuma ni ne mai buga ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen tayar mota da muka rataye a reshen ɗorawa. Ni in kira mutane, ita ta riƙe su. Haka muke, kuma ina alfahari da hakan.

Mu Maguzawa ne. Ubana ya mutu yana tsafinsa. A bayan rumbunmu akwai wani ɗan gurbi inda kan gida yake, wato abin tsafin da ke tsaron gidan: tukunya a kife, dutse a gefe, gashin kaza manne da busasshen jini. Kafin shuka ubana yakan durƙusa a wurin ya yanka jan zakara, ya zuba giya, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka ba shi, ya tsare ka. Ka hana shi, ya kama ka. Ba a barin yara su bi ta wurin. Da na karɓi baftisma bayan rasuwar tsohon, na ɗauki taɓarya na fasa tukunyar da rana tsaka, na kwashe tsingaron na zuba a bola. Gurbin dai ya rage, ɗan rami kamar na akushi, kuma ban taɓa cike shi ba.

Da ta ɗan yi ƙarfi na kai ta sujada. Matan zumunta suka miƙa mata tulunta. Ta duba bakunansu, ta ga sun fara, sai ta shiga. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Ta yi sama inda ya kamata ta yi ƙasa, ta ci gaba bayan kowa ya tsaya. Yara suka ƙyalƙyale. Ba ta ji dariyar ba, amma ta ga haƙora. Ta ajiye tulun a hankali ta fita. Lahadin da ta biyo na buga ƙarfe har kafaɗata ta yi tsami, na dawo gida na same ta tana tsintar wake.

Farkon damina sai ga wanta ya zo. Shi bai bar hanyar kakanni ba, kuma tun rasuwar ubansu shi ne uba a wurinta. Mutum ne mai raha, amma ranar bai zo da ita ba. Ya sha ruwa, ya duba ƙanwarsa, ya ja ni gindin rumbu.

Ya ce, "Kai ka fasa tukunya, ka hana kan gidanku abincinsa. Bai taɓa ka ba, sai ya kama 'yar mutane. Wannan adalci ne?"

Na ce, "Yaya, sanƙarau ne. Likita ya faɗa."

"Sanƙarau ya shiga gida nawa? Kunnen wa ya ɗauka? Na mai waƙar cocinku." Ya tofar da yawu. "Ba faɗa na zo yi ba. Na ba Allahnku damina guda. In aka yanke dawa ba ta ji ba, zan zo da baƙin bunsuru in tafi da ƙanwata a yi mata abin da ya kamata. Kuma ba zan dawo da ita gidan da ake fushi da shi ba."

A al'adarmu yana da wannan iko. Mace in ciwo ya ƙi ci a gidan miji, danginta ne masu ita. In ta bi shi aka zuba mata jini, ta fita daga bin Ubangiji, ta fita daga gidana. Yaranmu kuwa ƙanana ne.

Abin da ya fi tsorata ni ba shi ba ne, ita ce. Ni ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, ita ko wannan ba ta yi ba. A sanina duk abin Allah ta kunne yake shiga. Wa'azi ta kunne, waƙa ta kunne, ƙararrawa ta kunne. Mutumin da ba ya ji, ba ya karatu, ba ya zuwa sujada, to ta ina Allah zai same shi? Na ɗauka bangaskiyarta tana nan tana ƙafewa kamar ruwan tafki da rani, kuma ranar da wanta ya zo da igiya a hannu ba za ta sami abin da za ta tsaya a kai ba.

Sai na tashi neman abin da zan ɗura mata daga waje. Na kawo mai bisharar ƙauyenmu, ya sa baki a kunnenta ya yi ta kwarara addu'a har ta ce masa numfashinsa na yi mata cakulkuli. Na kawo matan zumunta suka zagaye ta a tsakar gida da tuluna. Ta dafa musu dambu, ta raka su bakin ƙofa. Da sassafe kuwa ta ɗauki fartanya ta tafi gayaunarta, ɗan filin da kowace macen Bamaguje take nomawa don kanta, ba ta dawowa sai rana ta take.

Akwai wani ɗan kudu mai sayar da kayan garma a kasuwar Malumfashi, haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi ya ce mini ana babban taron farkawa a Funtua, wani mai wa'azi ya zo daga ƙasarsu, guragu na tashi. Na bar shanu a hannun maƙwabci, muka shiga bas.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fili cike da mutane, injin wuta na ruri, lasifika a kan sanduna, samari da gitoci da ganguna masu walƙiya. Da suka kaɗa, har cikin ƙirjina nake ji. Na ce a raina, yau mun zo inda Allah yake. Ƙarfenmu na gindin ɗorawa ya zama abin kunya a idona. Da la'asar aka kira marasa lafiya, na tura ta gaba har muka hau dandamali. Mutumin ya jiƙe sharkaf da gumi, kuma na ga da gaske yake. Ya sa yatsu a kunnuwanta ya yi tsawa, tafinta na maimaitawa da Hausa. Ya zare yatsun. Tafinta ya kai mata abin magana baki ya ce, "Mama, kina ji?"

Fili ya yi tsit. Ta juyo ta dube ni, ta ce da ƙarfi irin na kurame, muryarta ta fita ta kowace lasifika, "Baban yara, me mutumin nan yake cewa?"

Mai wa'azin bai yi fushi ba. Ya dafa kafaɗata ya sa aka gaya mini kada in karaya, ya ba ni wata 'yar kwalbar mai da ya yi wa addu'a, ya ce in riƙa shafa mata. Na rungume kwalbar nan har gida kamar jariri.

Da muka iso sai na rasa inda zan ajiye ta. A ɗaki yara za su fasa. A rataye a bango ɓera zai ture. Ina tsaye da ita a tsakar gida, ƙafafuna suka kai ni bayan rumbu. Gurbin nan kamar don ita aka yi shi. Na zaunar da ita, na kawo wata tsohuwar tukunya na kife a kai saboda awaki. Kullum da asuba in je in durƙusa, in ɗaga tukunya, in tsoma gashin kaza a man, in je in ɗiga mata a kunne. Na hana yara bi ta wurin. Ina durƙushe ina magana ƙasa-ƙasa: Ubangiji, ka buɗe kunnen nan kafin a yanke dawa, jan zakaran can naka ne, zan kai shi baiko a coci. Allah ya sani ko sau ɗaya ban ga kamar abin da nake yi ba. Hannuna ya san aikin tun ina yaro, shi ke nan.

Dawa ta yi ciki, ta fitar da kai, kunne shiru. Wata safiya na ce bari in bi ta gayauna in ga abin da take yi a can da ba ta son dawowa. Na ɗauka kuka zan tarar. Na laɓe a cikin karan dawa.

Tana zaune a kan kunya, fartanya a gefe, hannuwa a buɗe bisa gwiwa. Raɓa ba ta bushe ba. Idonta a rufe, bakinta ba ya ko motsi. Fuskar ce ta tsayar da ni. Na auri matar nan tana budurwa, na ga fuskarta ranar da ta haifi ɗan fari, ban taɓa ganin ta haka ba. Kamar wadda baƙon da ta daɗe tana jira ya iso, ya zauna, an gama gaisuwa, ba sauran gaggawa. Can sai ta yi ɗan murmushi ta gyaɗa kai. Tsuntsaye suna sauka kusa da ƙafarta. Na so in cire takalmi, ban san dalili ba.

Amma ni ɗan ubana ne. Kafin in isa gida na riga na fassara abin yadda aka koya mini. Mace ita kaɗai a daji tana gyaɗa wa wanda ba a gani kai, a wurinmu sunan wannan iska. Na ce shi ke nan, wanta ya yi gaskiya, iskoki sun riga sun kama ta. Na ƙara yawan man da nake ɗiga mata. Bayan 'yan kwanaki ta kama hannuna ta ce in bari haka nan, kunnenta ya zama kaskon tuya. Na bari, amma ban daina durƙuso a bayan rumbu ba. Tukunyar ma na daina ɗagawa, magana kawai nake yi mata.

Aka yanke dawa. Muna cikin ɗaurin dammuna a tsakar gida da hantsi sai muka ji kukan bunsuru a ƙofa. Wanta ya shigo ya ɗaure shi a turke. Bayan gaisuwa ya zaga bayan rumbu, don ya ga wurin da aka yi laifin. Sai na ji ya fashe da dariya.

"Kai, suruki! Ashe ka mayar da tukunya ba ka faɗa mini ba? Madalla! Har da gashin kaza!"

Na ce, "Ba abin da kake zato ba ne, Yaya. Abin coci ne."

"Abin coci a gurbin ubanka? A kife? Ina ce da asuba kake zuwa?" Bai jira amsata ba. "Kana durƙusawa? Ka yi masa alkawarin zakara?" Ya dube ni ya ƙara tuntsirewa. "Ja ne, ko? To mu da ku ina bambancin? Naka dai mai yake sha, namu giya."

Kunya da haushi suka sa na ɗaga tukunyar don in nuna masa. Kwalbar na nan, amma ko ɗigo babu a ciki.

Matata ta zagayo tana goge hannu a zane. Ta ga kwalba a hannuna, ta ga fuskata, ta gane. Ta ce, "Au, man nan? Ai na shafe shi a faso. Yana da kyau ƙwarai." Ta ɗaga diddige ta nuna mana. Wanta sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ni kuwa na tuna kwanakin da na yi ina roƙon kwalbar da ba komai a cikinta.

Sai ta hango bunsurun. Ta ce, "Yaya, wannan na wa ne?"

Dariyar ta ɗauke. Ya nuna ta, ya taɓa kunnensa, ya nuna hanyar garinsu, ya nuna bunsurun ya ja yatsa a wuya. Ya yi mata alamar ta ɗaure kayanta. Ta ina zan hana shi, ga tukunyata a gabana?

Ta zauna a kan damin dawa ta fuskance shi. Ta ce, "Ba za ni ba, Yaya. Zauna ka ji." Ba ta iya auna muryarta, wata kalma ta fito da ƙarfi, wata da raɗa, sai da muka matso.

"Da farko na so in mutu. Ni in ba tulu, in ba mata suna amsa mini, ban iya addu'a ba. Da abin nan ya same ni na ce an rufe mini ƙofa, an bar ni a waje. Ina zuwa gayauna ne don kada yara su ga ina kuka. Wata safiya kukan ma ya ƙare. Ba waƙa, ba magana, ba komai. Na ce, Yesu, ga ni dai. Na zauna." Ta ɗora hannu a ƙirji. "Yaya, ashe yana nan. Shekara da shekaru ina ƙwala masa kira kamar wanda yake ƙetaren rafi, ashe a nan yake zaune. Ba ya ihu. Ni ce mai ihun."

Wanta ya nuna bakinsa, ya buɗe hannu, wato me yake ce miki.

"Ba magana irin tamu ba ce. Ka tuna in mun dawo daga kiwo muna yara, tun daga ƙofar gida mun san Inna tana ɗaki, ko ba ta yi tari ba? To haka."

Ya sunkuyar da kai. Uwarsu ta rasu tun kafin in aure ta. Sai ya ɗago ya yi tambayar da duk Bamaguje zai yi. Ya kai hannu baki kamar mai cin tuwo, ya nuna ƙirjinta. Ya faɗa a fili kuma, don ni in ji: "Me kike ba shi?"

Ta ce, "Ba ya cin komai. Na nemi abin da zan ba shi na rasa. Muryar ma da nake taƙama da ita ba ta nan. So yake in zauna kawai."

"In ba ki zauna ba fa? Ya kama ki?" Ya damƙi wuyan hannunsa ya nuna mata.

Ta yi dariya. "Sai ya jira."

Na ga gashin hannun mutumin nan ya miƙe. Ni ma haka. Ba iska, ba hadari, rana tsaka, kaji na tono a gefenmu, amma mu uku muka yi tsit kamar wani babba ya shigo gidan. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Bunsurun ne ya yi kuka ya dawo da mu.

Wanta ya tashi ya karkaɗe riga. Ya tsaya a kanta yana duban fuskarta, yadda ake duban mara lafiya a ga ko da saura. Ya juyo ya ce mini, "Na yi wa mutane da yawa yanka. Wanda aka kama na san idonsa. Wannan ba kamammiya ba ce." Ya kwance bunsurunsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Abin da ba ya ci, ba ya kamu, sai jira, ban san me zan yanka masa ba. Riƙe matarka. Amma ka ɗauke tukunyar can. In za ka bi hanyar ubanka ka bi ta sosai, in ka bari ka bari."

Ranar na cike gurbin da ƙasa na daddaɓe. Daga baya akurkin kaji muka gina a wurin. Jan zakaran mun ci shi da Kirsimeti, na aika wa wanta cinya.

Kunnenta bai buɗe ba har yau. Ta koma sujada da kanta bayan girbi, ba wanda ya ja ta. Tana zama a baya kusa da taga, ba ta waƙa, tulun yana hannun wata. In an fito matan da suke da damuwa sukan je su zauna kusa da ita, ba don ta ji abin da za su faɗa ba. Ni har yanzu ina buga ƙarfe, ko da yake kafaɗar ta gaji, gwiwa ma haka.

Na fara bin ta gayauna da safe. Ba zan yi ƙarya ba, abin bai zo mini da sauƙi ba. Ni kunnena lafiya lau, komai yana shiga. In na rufe ido sai takin zamani ya zo, sai saniyar da ke ɗingishi, sai tsutsar da ta shiga auduga. Na yi damina guda ban sami komai ba sai cizon tururuwa. Sai wata safiya, ba abin da na yi dabam, na gaji da kaina ne kawai na daina ƙoƙari, na ji an san ina wurin. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Na buɗe ido, dawar nan ce dai da na sani, kunyar nan ce, amma na kasa tashi, hawaye na bin gemuna.

Ba kullum ba ne. Ita takan bar ni in yi ta fama, sai can ta taɓa gwiwata ta ce da muryar nan tata mai ƙarfi, "Baban yara, ka iso?" Wata rana in gyaɗa kai. Sau da yawa girgizawa nake yi. Sai ta ce, "To, zauna. Ba inda za shi." Mu ƙara zama kaɗan, sannan ta miƙo mini fartanya.